Fanka Ba Ta Ganin Barira

"Umma, me ya sa in kin fita fanka take tsayawa? Ni ba mutum ba ce?"

'Yata Barira ce ta tambaye ni, ina ɗaura mata ɗankwali. A jami'armu yanzu ɗaki ba ya sanin da mutum a ciki sai awarwaron shaida da ke hannunsa na kan layin waifai. Layin mutane uku ne: Ɗalibai, Malamai, Baƙi. Babu na yara, kuma na Baƙi bai kai ɗakunan kwana ba. Ranar da aka gwada ƙararrawar gobara, allon masu tsaro ya nuna babu kowa a ɗakinmu, alhali Barira tana ciki tana barci.

Na ja hannunta sai ofishin Malam Tasi'u mai raba layi.

"Malam, a buɗe wa 'ya'yan ɗalibai layinsu."

"Maman Barira, sabon layi sai majalisar jami'a ta zauna. Amma akwai gurbi a layin Kayan Aiki, tare da su firji." Ya yi dariya. "Su ai in wuta ta tashi, su ake fara dubawa."

Ni ban yi dariya ba. "Sa ta."

Awarwaronta ya kawo kore, ta daka tsalle. Daga nan na bi ɗalibai masu yara ɗaki-ɗaki, muka haɗa kai sai an ba yaranmu layinsu. Duk ranar zaman majalisa, a bakin ƙofa za su same mu da yaranmu.

Ke mai shirin zuwa karatu da goyo, kada ki sauke jakarki sai kin ji layin da aka sa ɗanki. In aka ce miki ba komai, to ba a sa shi ko'ina ba.