Kan Feshi na Bakwai

Ta rasa miji, ta sami gida da farfajiyar ciyawa mai kawunan feshin ruwa goma sha biyu. 'Yan kasuwa na kiranta Ba-Ragi, don ba a taɓa cin ta a ciniki ba.

Shekara ashirin mai lambu na kula da ciyawar. Kowane kan feshi ya ɗiga masa jan fenti, ya kafa ƙusa a ƙasa. In ɗigon ya kalli ƙusar, ruwa kan ciyawa zai sauka, ba kan tayil ba.

Wata safiya maigidanta ya sauko daga matakala, santsi ya kwashe shi, bai sake tashi ba. Aka duba: kai na bakwai ya bar ƙusarsa, yana fesa wa matakalar ruwa. 'Ya'yan marigayin suka kori mai lambu ranar, har da zagi. Tukunyar barkonon da ke gefen matakala kawai ya kalla, shar da ita, ya ɗauki fartanyarsa.

Labari ya zaga, babu gidan da ya ƙara ɗaukarsa. Ciyawa ta ƙone, don Ba-Ragi ta hana a kunna injin feshin. Tukunyar ma ta sa an fitar. Abinci ya daina wuce mata.

Bayan wata huɗu ta aika a kira shi. Ya zo a rame, takalminsa ɗaure da waya.

"Ka dawo aikinka, na ninka albashi."

"Albarka, uwargida."

"Da ɗakin baya."

"Albarka."

"Kai, tsoho! Ni za ka koya wa ciniki? Har injin ka ɗauka."

"Ba na cin inji. Sunana nake so. Jikokina na jin abin da ake kirana a titi."

Ta taya, ta ƙara, ta yi fushi, ta yi magiya. Farashinsa ɗaya ne, ya ƙi motsi.

Ta daɗe tana kallon matakalar. Sannan ta miƙa masa wayarta, tunda ba ta iya karanta sunaye ba, ya lalubo mata babban ɗanta.

"Na sallama," ta ce. Da aka ɗauka, ta ci gaba: "Babana, tara ƙannenka. Ni na juya na bakwai, don barkonona ya sha ruwa, na manta ban mayar ba."