Jakin da Aka Cinye a Akushi

Kailani ba shi da gona, ba shi da albashi. Jaki ɗaya gare shi, kuma jakin nan shi ne gonar, shi ne albashin. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya yake ɗaukar gishiri da kananzir daga tasha zuwa birni, da kaka kuma ya yi jigilar auduga. Abin da ya samu yana isar tuwon dawa da miyar kuka, shi da matarsa Hajo da 'ya'yansu.

A Tudun Wada ta wancan lokaci kowa baƙo ne, ba wanda ya san uban wani. Saboda haka da akushi ake auna mutum. Bayan magariba magidantan layin sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Isiyaku, heliman, wato shugaban leburorin tasha, kowa ya fito da abincin gidansa a ci tare. Ciyayya ke nan. Sunanta zumunci, amma kowa idonsa na kan faifan da ya rufe akushin ɗan'uwansa.

Wata rana Isiyaku ya buɗe na Kailani ya ce, "Kai, mai jaki, wannan tuwon naka ne, ko ka yi kuskure ka ɗauko na dabbar?"

Aka yi dariya. Kailani ma ya yi, iyakarta haƙora.

Washegari ya shigo gida da shinkafa da tsokar rago da man shanu. Hajo ta duba ta ce, "Malam, suna za a yi?"

"Dafa kawai."

"Dawa ta tashi a kasuwa, ga haraji na tafe, kuma masu karɓa sule suke so, ba kuɗin wuri ba. Shi Isiyaku, Nasara ke biyansa duk wata. Kai wa ke biyanka?"

"Ke dai ba ki san zaman maza ba."

"Na san zaman tukunya," in ji ta, ta tashi ta hura wuta.

Ran nan akushin Kailani aka fara sidewa. Aka naɗa shi Sarkin Akushi. Wanda ya fi kowa yi masa kirari shi ne Nagoda, wani dillalin hatsi, mai kuɗi ƙwarai, wanda kullum tuwonsa na dawa ne, miyar ko daddawa ba ta ji ba. Nagoda yakan ture nasa gefe, ya matso ya ce, "Sarki, a yi mana izini." Hannunsa bai taɓa ɓatan hanyar tsoka ba.

Sarauta kuwa ba a sauka daga kanta cikin sauƙi. Yau shinkafa, gobe kaza. A cikin gida yara na cin ƙanzo, akushin waje na tafe yana naso. Kuɗin dusar jaki ya koma na mahauci, har haƙarƙarin dabbar ya fara ƙirguwa.

Da aljihu ya ƙare, Kailani ya sami Nagoda a rumfarsa.

"Haba Sarki, don wannan kake sunkuyar da kai? Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Karɓi. Sai dai a sa jakin jingina a gaban shaidu, saboda halin rai. In auduga ta zo ka biya."

Ya karɓa. Ya sake komawa, ya kuma sake. Bai gaya wa Hajo ba. Ita ma ba ta tambaya ba, don ta ga Nagoda ya fara tsayawa yana shafa bayan jakin yana duba kofatonsa.

Damina ta yi gardama. Auduga ba ta yi ba, dawa ta ninka kuɗinta, masu haraji kuwa ba ruwansu da gajimare. Ranar da wa'adi ya cika Nagoda ya zo da shaidunsa, da sallama da fara'a.

"Ka yi mini haƙuri zuwa wata kakar," in ji Kailani. "Da ni da kai fa akushi ɗaya muke ci."

"Gaskiya ne, Sarki, kuma Allah ya saka da alheri. Amma ci daban, ciniki daban."

Ya kwance jakin. Har akumari da mangala ya haɗa.

Kailani ya koma dako. Buhun gishirin da jaki ke ɗauka ya dawo kansa, daga tasha har birni. Kafin damina ta zagayo bayansa ya riƙe, ya kwanta. Hajo ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya, ta shiga yi wa maƙwabta daka ana biyanta da tsakin hatsi. Akushi ya daina fita. A wajen ciyayya aka ce Kailani ya yi girman kai, ba ya son zama da mutane. Aka naɗa wani sarkin.

Jakin ne kaɗai bai manta ba. Kullum da yamma in an koro shi daga tasha, sai ya ja ya tsaya a ƙofar gidan Kailani, ya ƙi gaba. Daga kan tabarmarsa Kailani yakan ji saukar sanda, ya ji muryar Nagoda yana cewa, "Wuce, ɗan banza, nan ba abinci!"

Mai karatu, kada ka ci bashi don ka ciyar da idon mutane, ido ba ya ƙoshi. Ka fitar da akushi daidai ƙarfin gidanka. Masu yi maka dariya yau za su manta gobe, amma mai binka ba ya mantuwa.