Lamba Arba'in da Ɗaya

Sakamakon yawu ya iso daga labo, ɗakin gwaje-gwaje na Damagaram, ran Talata, idon Zaliha ya tsaya cak a kan lamba arba'in da ɗaya.

Aikin anket ɗin da take yi a Gure, wato binciken tambaye-tambaye, ba wuya. Ta tambayi mutum kofin shayi nawa yake sha, kafe, wato gahawa, nawa, goro nawa, ta rubuta. Sannan ya tofa yawu a ƴar kwalba, a auna kafeyin ɗin da ke jikinsa, sinadarin nan mai hana barci, a ga ko takardar tambayoyin tana kamo gaskiya. Mutum sittin, kusan duk sun dace. Arba'in da ɗaya ya ce babu, babu, babu, amma yawunsa ya fi na direbobin tasha.

Arba'in da ɗaya mijinta ne, Jibirilla. Wata huɗu ke nan da likita ya ce zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar shayi ko goro ba, in yana son ganin baɗi.

Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran. Ita da ta kyautar da butar shayi, ta rage gishirin miya, take bin rana zuwa wurin mai tebur neman ƙwayar ciwon kai tun da barin shayi ya sa kansa sara, ita zai yi wa ƙarya?

Ta sa ido. A fada, wurin hirarsu da abokai, in an miƙo masa shayi, na kusa yake miƙa wa. Mai goro ya rantse rabonsa da shi tun azumi. Ta zazzage aljihunsa, ko ɓawo babu. Amma hannunsa rawa yake, numfashinsa sama-sama.

"Malam, don Allah faɗa mini gaskiya."

"Wallahi ko ɗigo ban sha ba."

Ran Juma'a ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida. A asibiti likita ya fito fuska ba walwala, ya tambaye ta me yake sha a ɓoye. Ta ce ita ma abin da take nema ke nan.

Tana zaune a benci saƙo ya shigo wayarta daga Madam Hamsatu, shugabar aikin. An gano giɓi a takardar: ba a tambayi magunguna ba, alhali wasu ƙwayoyin ciwon kai cike suke da kafeyin. Ga hoto nan.

Zaliha ta buɗe. Ƙwayar nan ja-da-fari ce, wadda take ba shi da hannunta biyu-biyu sau uku a rana, yau da safe ma ta ƙara masa ta uku.