Kujerar Koci a Gidan Rediyo

Injin askin ya tsaya cak a tsakiyar kan Direba, rabi ƙwal, rabi gashi. Koci mai aski ya ƙara muryar rediyo, don an zo karanta saƙonni a shirin wasanni na ranar Lahadi.

"Ɗan Benci ya ce a gaida Koci," in ji mai gabatarwa, "amma ƙwallayen da Lamba Goma na ƙungiyar Jajaye ya ci bana sha ɗaya ne, ba sha uku da ya faɗa ba. Biyun a wasan sada zumunci ya ci su."

Shago ya ɗauki ihu. Tela, mai shagon da ke kallon nasa, shi ya fi kowa dariya, har da dukan cinya. Koci ya ji kamar ya aske masa gira.

Shekara bakwai ke nan duk gardamar ƙwallo a layin nan a bakin Koci take ƙarewa. Wa ya fi bugu, wa ya fi taimakawa a ci, wa ya cancanci zama na ɗaya, sai ya buɗe littafinsa mai baƙin bango ya kashe magana. Gaskiya yakan ɗan ƙara wa Jajaye gishiri, amma wa ya isa ya kama shi?

Abin da bai cika faɗa ba shi ne, bai cika ganin wasannin da idonsa ba. Asabar ce ranar wasa, kuma ita ce ranar da shago ke cika maƙil. Don haka matarsa ke zama gaban talabijin a gida da biro, ta rubuta masa komai: wa ya buga, wa ya tare, wa ya sha kati. Shi kuma ya haddace a kan abinci, washegari ya zo ya baje koli.

Sai ga Ɗan Benci, wata uku da suka wuce. Ba wanda ya san fuskarsa ko muryarsa, saƙo kawai yake turawa. Kuma bai taɓa kuskure ba, ko na rantsuwa. Yanzu in gardama ta kaure a shagon Koci, a gaban idon Koci, sai ka ji wani ya ce, "Ku bari mu ji me Ɗan Benci zai ce." Wallahi wannan magana ta fi masa zagi ciwo.

Ga shi gidan rediyon ya yi alkawari: ƙarshen kakar wasa, mai sauraron da ya fi iya sharhi za a ba shi kujera a cikin shirin duk Lahadi. Koci ya riga ya gaya wa duniya kujerar tasa ce. Har sabuwar riga ya ba Tela ɗinki saboda ranar.

Shi kuwa Telan ne abin zarginsa. Ɗan Shuɗaye ne na gani-kashe-ni, kullum yana latsa waya a ƙarƙashin keken ɗinki, kuma Ɗan Benci ya ɗora Lamba Shida na Shuɗaye a saman jerin gwanayen bana. Koci ya tabbata leƙen littafinsa yake. Ya ɗana masa tarko: ya canza wata lamba, ya bar littafin a buɗe da Tela ya zo aski. Ranar Lahadi Ɗan Benci ya kawo lambar gaskiya. Koci ya ce lallai makircin mutumin nan ya wuce inda yake zato.

A gida ma ba shi da wata hira. Ya ture kwano, ya yi ta zagin Ɗan Benci, mai ɗaga Lamba Shidan da ƙwallo biyu kacal ya ci.

"Ai kuwa Lamba Shidan nan yana aiki, Baban yara," in ji matarsa tana kwashe kwanuka. "Ba ya ci, amma duk ƙwallon da za a ci sai ta bi ta ƙafarsa."

"Ke dai rubuta abin da kika gani. Sharhi nawa ne."

Ta ce to.

Ranar sanarwa da safe, tsabar rawar jiki, wayarsa ta faɗa bokitin wanka. Ya miƙa hannu ya ɗauki ta matarsa.

"Yau kuma?" ta ce. "To don Allah ka dawo min da ita kafin ƙarfe huɗu."

"Wa zai neme ki ƙarfe huɗu?"

Ya jefa wayar a aljihu ya fita.

Ƙarfe huɗu shago ya cika har bakin titi. Koci na tsaye cikin sabuwar riga, Tela na zaune a benci, wayarsa a kan cinya. Mai gabatarwa ya ja rai, ya ja rai, sannan ya faɗa: Ɗan Benci.

Koci ya yi ƙwafa. Shekara bakwai, a ce wani mai ɓoye fuska ya zo ya ɗauke! Abu ɗaya ya rage masa, ya kama munafukin a gaban jama'a.

"Yanzu za mu kira lambarsa kai tsaye," in ji mai gabatarwa, "yau dai mu ji muryarsa."

Koci ya kafe wayar Tela da ido, ya ma tanadi abin da zai ce masa. Aka ji kiran ya shiga a rediyo. Wayar Tela ko haske ba ta kawo ba. Tela ya ɗago kai, Direba ya waiwayo, sai Koci ya ga duk shagon shi ake kallo.

Wayar matarsa ce ke ruri a aljihun sabuwar rigarsa.