Abin da Alhaji Ya Kira Babana

Ina 'yar shekara tara wani Alhaji daga Kano ya sauka gidanmu a unguwar Ƙurban, a Madina, shi da abokinsa. Baba ya bar musu ɗakinsa, don a wurinsa duk mai ziyarar Madina baƙon Manzon Allah ne.

Ran da za su tafi Bi'ir Ali ɗaukar harami, bayan la'asar, Baba yana durƙushe yana ninke musu haramin da ya wanke da hannunsa. Alhajin ya miƙe ƙafa, ya dubi abokinsa ya yi dariya. "Malam Sani ai domat ne."

Baba ba ya jin Turanci. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya karɓa, Alhaji."

Sai da na girma 'yata ta gaya mini ma'anar kalmar: shimfiɗar bakin ƙofa, wadda kowa ke goge takalmi a kai.

Na san riƙo ba kyau, kullum ina istigfari kada Allah ya kama ni da shi. Amma bara da ɗan Alhajin ya bugo waya yana neman masauki, na ce masa, "Ga otal nan birjik a Sultana." Na kashe wayar. Har yau ban yafe ba.