Hanyar Baba Rufus

"Baba, tsaya! Ina za ka da wannan tsohon keke?"

Mai gadi ne ya tare ni a bakin kwarin da ke bayan layin dogo. Tun safe nake zagaye ina neman mashiga. Jinya ce ta zaunar da ni wurin 'yata a Kwoi. Da na dawo Kafanchan, sai na tarar an kewaye kwarin da waya, wai ya zama wurin shaƙatawa. Samari masu hular kwano sai wuce ni suke yi a kan sababbin kekuna.

Na ce, "Ɗana, hanyar da ke gangarawa rafi nake nema."

"Hanyar Baba Rufus? Sai mai tikiti. Shi ya share ta da fartanya, duk nan gonar cittarsa ce. Da ya rasu, ɗansa Jason ya sayar wa kamfani. Allah ya ba shi hutawa."

Na damƙe kan keken.

"Ka san marigayin ne, Baba?"

Na juya keken a hankali. "Ni ne marigayin. Jason bai gayyace ni jana'izar ba."