Gurgun Gindin Rumbu

Akwai wani tsohon manomi a wani ƙauye na gefen dutse, inda manyan gizo-gizo masu gashi suke haƙa rami a ƙasa, su yi wa bakinsa labule da saƙa. Mutum ne mai son kowane abu ya zauna a gurbinsa, ko irin shuka ba ya bari farar dawa ta haɗu da kaura a ƙwarya ɗaya. Haka ya raba gizo-gizon nan gida biyu. Masu launin ƙasa, in ji shi, ba ruwansu da kowa, gyare da kyankyaso kawai suke ci. Baƙaƙen kuwa mugaye ne, domin baƙi ne ya taɓa cizon matarsa tana ɗiban itace, hannunta ya kumbura har ta kasa tuƙa tuwo. Tun daga ranar, duk baƙin da ya gani, tafasasshen ruwa ne rabonsa.

A gindin rumbunsa akwai wani mai launin ƙasa, wanda kaza ta taɓa fizge wa ƙafar baya ta hagu. Da matar ta rasu, gida ya yi shiru, sai tsohon ya saba zama kusa da ramin da hantsi yana tufkar igiya, gurgun kuma yana bakin ƙofarsa, kowa da harkar gabansa. Ƙanwar marigayiyar, wadda take kawo masa fura, takan ce, "Mijin yaya, an gaisa da aminin? Ko shi zai gaji rumbun?" Shi kuma ya ce, "Ya dai fi ki, shi ba ya surutu."

Farkon wata damina gurgun ya toshe bakin raminsa, aka daɗe ba a gan shi ba. Ran nan da safe tsohon ya tarar ramin a buɗe, ga amininsa yashe a waje, ƙafafu a tanƙwashe, baya a fashe. Can ciki kuma ga wani baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Tsohon bai yi shakka ba: mugun iri ya kashe mai gida, ya gaje ɗakin. Ya ɗora ruwa a wuta, ya tafasa, ya juye a buta, ya kawo ta bakin ramin. Amma da yake mutum ne mai bin abu daki-daki, ya ce bari ya fara kawar da gawar, kada ruwa ya tafi da ita. Ya sa tsinke ya ɗaga ta, sai ya ji ba nauyi, kamar ƙaiƙayi. Ya juya ta, ya ga ba kowa a ciki, riga ce kawai aka tuɓe, irin saɓar maciji. Ya ajiye butar, ya durƙusa duk da ciwon gwiwa, ya jira. Da rana ta ɗaga, baƙin ya matso bakin ramin a hankali. Ƙafarsa ta baya, ta hagu, ga ta nan siririya, gajeruwa, sabuwar tsirowa. Ashe wanda yake wa makoki shi ne wanda ya zo ƙonawa.

Ya daɗe a durƙushe yana tunanin sauran baƙaƙen da ya zuba wa ruwa a shekarun baya, bai san ko su wane ne ba. Sannan ya miƙe, ya sake tafasa ruwan, ya dama koko da shi, ya ɗauko igiyarsa ya zauna inda ya saba. Da ƙanwar matar ta zo ta ga baƙi a ramin, ta ce, "Au, ka sake amini?" Ya ce, "Shi ne dai, riga ya sake."

Shi ya sa magabata suka ce, kama da wane ba wane ba ne.